Noti Goma Sha Huɗu, Shayi Uku

Jiya abin ya faru, har yanzu baƙin mai bai fita daga ƙarƙashin farcena ba. Tun asuba ban leƙa ƙofar gida ba. Na aiki yaro ya sayo mini katin waya, ya dawo yana danne dariya. Na ce mene ne? Ya ce ba komai, mai shago ne ya ce a gaishe ni da aiki, a kuma tambaye ni ko da sauran irin farantin nan na Amurka, yana so ya sa a kayan ɗakin 'yarsa. Gaya ke nan. Kafin kabu-kabu ya kai ka gida daga gareji, labarinka ya riga ka isa, ya sha ruwa, ya huta, har ya haye kogi ya shiga Malanbil.

To, gara ku ji daga bakina.

Ni ɗan taranzi ne. Motocin da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka biyo Faraku da Kandi, suka hayo gada, ni ke bin takardunsu ofis-ofis a duwan, wato kwastan, har a sake su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka gitta kwantena a kan gada, manyan motoci suka koma zagaye ta Lome da Burkina, mutane da buhuna suka koma kwale-kwale, mu kuma aka bar mu da hamma da wayar hannu. Namiji mai tsohuwar mota, ga zaman banza, ga bidiyon makanikan Turawa a tafin hannunsa, ai sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Motar Toyota Supra ce ƙirar 1989, mai turbo, ƙofa biyu, dogon hanci, fitilunta a lumshe sai an kunna su sannan su ɗago ido, shi ya sa yaran unguwa ke ce mata Amarya. Wani ɗan kasuwa ne ya bar mini ita shekarun baya a bakin kuɗin aikina, ya ce zai dawo. Ina jin har yanzu yana hanya. Fistan shida a jere, lita uku, ƙarfin doki ɗari biyu da talatin da 'yan kai a takarda. A ƙasa kuwa, da ita da jirgin ƙasan nan da aka shimfiɗa wa dogo daga Yamai zuwa Dosso aka yi bikinsa a 2016, tafiyarsu ɗaya: kowa ya ga hoto, ba wanda ya ga fasinja. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Na murɗa turbo ya wuce inda aka ajiye shi, na riƙa ɗura wa lagireto ruwan rijiya. Rannan a hanyar Dosso, ko Malgoru ban kai ba, ta yi tari, ta saki farin hayaƙi kamar an watsa wa murhu ruwa. Na zaro sandar awon mai na tarar ya koma kunun gyaɗa. Juwan ya ƙone.

A garejin Gaya kowane ƙarfe suna biyu gare shi. Wanda ya koyi aiki a Yamai ko Kwatano zai ce kulas, juwan, kile. Wanda ya koya a Kamba ko Birnin Kebbi zai ce top silinda, gasket, sifana. Zagi ne kawai ake yi da harshe uku, Dandanci da Zabarmanci da Hausa, gwargwadon yadda ƙarfe ya matse yatsa. Kulas shi ne murfin inji, na alminiyam, zaune a kan bulok na baƙin ƙarfe. Juwan kuwa siririyar shimfiɗa ce a tsakaninsu, mai raba wuta da ruwa da mai, kamar dattijon da aka zaunar tsakanin kishiyoyi uku. In zafi ya taso, alminiyam kan buɗe kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, su yi ta gogayya, duk kuma a jikin dattijon nan take ƙarewa. Ku riƙe wannan: duk aikin da na yi jiya, da kuɗin da na kashe, da bakin da na cika, don a danne wannan shimfiɗa ne da kyau. Ba wani dalili bayan shi.

Masu bidiyo suka ce wanda ya ƙara wa inji ƙarfi sai ya ajiye kusoshin da motar ta zo da su ya sa gujo: sandunan ƙarfe masu haƙori sama da ƙasa, a dasa su a bulok, a zuro kulas ta kansu, a ɗaure da noti. Na yi oda daga Amurka, guda goma sha huɗu da notinsu da washarsu da ɗan ƙunshin man shafawa, da sabon juwan na ƙarfe mai falle-falle, da kile dinamo, sifanar nan mai ma'auni wadda kan yi ƙas in ɗauri ya kai adadi. Kaya suka sauka Kwatano, suka hau bas zuwa Malanbil, suka haye kogi a cinyar ɗan ƙanwata, tsakanin buhunan gari da wata akuya. Kuɗinsu ya haura na ragon layya. Uwargida ta tambaya, na ce kayan ofis ne.

Garejin yana gindin wata babbar darbejiya. Mai shi, wanda yaransa ke kira Shef, ya fi shekara talatin yana buɗe injuna, tun daga Peugeot 504 har Hiace, bai kuma taɓa riƙe kile dinamo ba. Ma'auninsa a gwiwar hannu yake. Da hantsi na tara shi da yaransa na yi musu huɗuba. Na ce daga ƙarfin da mutum ke sa wa sifana, kusan kashi tara cikin goma a gogayyar haƙori da gindin noti yake ƙarewa, kashi ɗaya tak ke miƙa ƙarfen ya riƙe kulas, don haka man da aka turo za a shafa, ba baƙin mai ba. Na ce ramukan bulok sai an share su tas, ba ruwa ba datti. Na ce gujo da yatsa ake murɗa shi har ya zauna, ba a sa masa ƙarfi. Duk gaskiya ne, wallahi, ko yanzu ban janye ko ɗaya ba. Sannan na rufe da maganar da za ta raka ni har kabari:

"Shef, yau ka huta. Wannan aikin lissafi ne. Don Allah ko tari kada ka yi mini."

Shef ya dube ni, ya dubi Amarya, ya ce, "To, Alhaji." Ya ja benci ya zauna.

Wanda bai ɗauki alkawarin komai ba shi ne Baba Direba. Tsohon direban Berliet ne, ya yi zamanin da jirgin ƙasa ke sauke kaya a Faraku, manyan motoci su kwaso su shigo Nijar, su koma da gyaɗa. Yanzu ido ya yi rauni, haƙori saura na cin goro. Ba shi da mota, ba shi da sifana, amma tun da nake zuwa garejin nan ban taɓa ganin an kwance noti ba tare da fatawarsa ba. Tabarmarsa tana nan a gindin bishiya kamar ita ma tsirowa ta yi.

"Ɗana, wannan sandar fa?"

"Kile dinamo ce, Baba. In ɗauri ya isa sai ta yi ƙara in tsaya."

"Ita za ta ce ka tsaya?"

"Ita, Baba."

"To kai ne maigidan ko ita?" Ya juya wajen yara. "Mu a Berliet noti ake ɗaurewa har ya yi kuka. In ya yi kuka a zura bututu a sifana, karen mota ya hau ya yi tsalle biyu, don kada notin ya raina mutane."

Takardar cikin kwali ta ce 80, amma da awon Amurkawa na fam da ƙafa. Sifanata kuwa da Niyuton-mita take magana. Na ciro waya na buga lissafi: kowane ɗaya nasu 1.356 ne namu, don haka 80 ta zama 108 da ɗan kai. Littafin motar 78 ya rubuta wa kusoshinta na asali, ka ga ke nan wanda ya ɗauki 80 ɗin Amurkawa a matsayin tamu ya sayi gujo a banza. Ina tsaka da wannan bayani, ina jin daɗin muryata, Baba ya katse ni.

"Wato canji ne, kamar Naira da Sefa."

"Kusan haka, Baba."

"To kada ka yi gaggawa. Ka aika Kamba a tambayo. Jiya na ji Naira ta faɗi. In ka yi haƙuri zuwa la'asar, ƙila ka samu a ɗari cif."

Da na fasa ƙunshin man shafawa ya miƙo yatsa ya lakata, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya ce man kaɗe ya fi wannan nesa ba kusa ba, ga shi in ya rage sai mutum ya shafa a kaushi.

Ina neman wuri mai tsabta da zan jera noti da washa, sai na hangi farantin mai shayi a gefen ɗan murhun gawayi. Yaron da ke dafawa bai taso daga makaranta ba. Na sauke kofunan a tabarma, na goge farantin da fetur, na jera kayana sahu-sahu kamar sojoji. Juwan kuwa yana manne a kwalinsa cikin leda, na ɗauke shi da hannu biyu kamar jariri ranar suna, na kai shi can ƙarshen wani benci inda ƙura da hannun yara ba za su kai ba. Ku riƙe wannan ma.

Na dasa gujo goma sha huɗu, suka tsaya ƙyam, bakwai nan bakwai can. Aka kira azahar. Muka je muka dawo, rana ta bazara tana dukan tsakiyar kai, mu huɗu muka ciccibi kulas. Wanda bai taɓa ɗaukar kulas mai fistan shida ba ya ɗauka buhun gero ne mai ƙahoni. Wannan yana cewa a ɗaga, wancan yana cewa a sauke, Baba daga tabarma yana cewa a yi hagu alhali bai ma san inda muka dosa ba. Ni idona yana kan kawunan gujo, in ga kowanne ya leƙo ta raminsa. Muna cikin saukewa na ji muryar Shef a bayana.

"Alhaji, amma..."

Ko waiwayawa ban yi ba. Na ce, "Shef, mun yi alkawari."

Ya koma ya zauna. Kulas ya sauka, ƙwal.

Na shafa mai a haƙori da washa da gindin noti, na rubuta lamba da alli daga 1 zuwa 14, na fara daga tsakiya ina zagayowa waje kamar bayan dodon koɗi. Baba ya ɗago daga kishingiɗa.

"Daga tsakiya ka fara?"

"Haka ƙa'ida ta ce, Baba."

"Wace ƙa'ida? Tuwo ma daga gefe ake cinsa. Duk wanda ya danna hannu a tsakiya ya ƙone."

"Ku yi haƙuri, Baba. Kamar shimfiɗa zane ne, daga tsakiya ake shafe shi zuwa baki don kada ya tattare. So ake juwan ya kwanta daidai."

A lokacin Shef ya yi wani irin sauti a maƙogwaro ya haɗiye shi. Na ɗauka ƙura ce.

Ba a kai wa 108 a tashi ɗaya, hawa uku ake yi. Na saita sifana a 40 na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Daɗin wannan ƙara sai wanda ya ji ta a tafin hannunsa. Ina gama na goma sha huɗu sai ga yaron shayi, ashe ya dawo har ya hura wuta, ya kawo na fari, mai ɗacin nan da ke buɗe ido. Na miƙa hannu na ɗauka ina kallon inji, na kurɓe, na mayar.

Kafin in saita 75 gareji ya fara cika. 'Yan kabu-kabu uku suka kashe babura suka tsaya. Wani abokina na duwan da ya tashi aiki ya iso. Mai rake ya jingine amalankensa. Sai ga wan matata, wanda ya zo a kan maganar wasu kuɗi da ya ba ni aro tun kaka, ya ga taro ya fasa maganar ya nemi wuri. Baba ya ga jama'a, sai ya kwance bakin jaka. Ya ce duk wannan wahala ce ta rashin sani. Shi a zamaninsa lagireto ya taɓa huje masa a dajin Kandi, ya fasa ƙwai biyu ya zuba a ciki da ɗan garin barkono, bai sake tsayawa ba sai Maraɗi. Wani ɗan kabu-kabu ya tambaye shi ƙwan fa? Ya ce da suka isa karen mota ya ci abinsa, dafaffe, har da yaji.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Hawa na biyu ya cika. Na biyun shayi ya zo, mai na'ana'a. Wannan karon na dubi abin da yaron ya ɗauko shayin a kai. Na dube shi da idona biyu, da rana tsaka, ba maye ba zazzaɓi. Na ce:

"Kai, yaro, wannan faranti naka ya yi tsari. Kowane kofi da ɗakinsa."

Ya ce, "Na gode, Alhaji."

Na saita 108. Yanzu kam sai da kafa ƙafa. Na riƙa ja a hankali ba fizga, yadda Baturen bidiyo ya koyar, gumi yana ɗiga daga haɓata kan kulas. Kowane ƙas sai 'yan kabu-kabu su ce "Iyye!" Baba yana ta faɗin a ƙara, bai ji kukan noti ba. Goma sha biyu. Goma sha uku. A na goma sha huɗu gareji ya yi tsit har kana jin kurciya a saman darbejiya. Na ja, na ja.

Ƙas.

Na miƙe. Na goge hannu da tsumma a hankali, yatsa-yatsa, don jama'a su sami lokacin kallona. Na ɗaga murya yadda na bakin titi ma za su ji, musamman wan matata:

"Shef, ka ga aikin ilimi. Wannan juwan da ke ciki, sai dai jikokina su canza shi."

Sai ga yaron shayi ya durƙusa a gabana da na uku.

Na miƙa hannu. A nan nake so ku tsaya tare da ni, don ni tun jiya a nan nake tsaye. Hannuna yana sama, ya bar ƙirjina bai kai ga kofi ba. Rana ta karkata, ta ratso ganyen darbejiya ta faɗo a kan farantin, ya yi wani ƙyalli da farantin shayi ba ya yi. Ido ya ce, wannan faranti dogo ne. Zuciya ta ce, to sai me? Ido ya ce, ga manyan ramuka a jere. Na ƙirga, leɓena yana motsi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Kowanne da kofinsa a tsakiya, kumfa tana rawa a kai. A gefensu ga ƙananan ramuka na ruwa da na mai, ga kuma wasu guda goma sha huɗu da na sani kamar 'ya'yan cikina, bakwai nan bakwai can. A kusurwa, ƙarƙashin ɗigon shayi da ƙudaje biyu, ga takardar da na biya wa kuɗin jirgi da na bas da na kwale-kwale, ga rubutun 7M ɓaro-ɓaro.

Na dubi inji. Na dubi faranti. Na sake duban inji, wai ko akwai wani juwan da Allah ya jefo a ciki ban sani ba. Na sunkuya na leƙa mahaɗar kulas da bulok. Ƙarfe a kan ƙarfe, sumul, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. An ɗaure su da 108 cif, hawa uku, bi da bi, daga tsakiya zuwa waje, da man da ya dace, ba kuskure ko ɗaya. Tun da aka kafa garin Gaya ba a taɓa ɗaure babu da kyau irin haka ba.

Cikin wannan ɗan taƙi, wanda bai fi ƙiftawar ido uku ba, na yi shawarwari da yawa. Na ce in rufe bonet in ce sai gobe, in dawo da tsakar dare da tocila. Na ce in raɗa wa yaron nan ya sayar mini da farantin a jaka biyar. Na ce in faɗi in suma. Na ma tuna ina da aboki a Lome wanda ya daɗe yana cewa in zo. Duk wannan hannuna yana nan a sama, yaro yana nan a durƙushe, mutum kusan ashirin suna jiran Alhaji ya ɗauki shayinsa.

Kun san abin da na yi? Na ɗauka. Daga ramin fistan na huɗu. Na kurɓa na ce, "Madalla."

Wan matata ne ya fara magana. "Alhaji, lafiya? Aljani ka gani a kofi?"

Sai Shef ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar ɗan makaranta.

"Alhaji, an ba ni izinin tari?"

Ban amsa ba, shi kuma bai jira ba. Tarin da ya riƙe tun azahar ya sake shi gaba ɗaya. Ya yi tari har ya sauko daga benci, ya dafa tayar wata Hiace, hawaye yana zuba, yana nuna faranti yana nuna inji, maganar ta ƙi fita. Ƙaramin yaronsa ne ya fassara wa jama'a, da Hausa, sannan da Zabarmanci, sannan da Dandanci don mai rake. Dariyar ma hawa uku ta yi.

Daren jiya ban runtsa ba. Mantuwar ba ita ke cina ba, kowa yana mantuwa, an sha barin almakashi a cikin mara lafiya. Shayi na biyu ke cina. Da zarar na rufe ido sai in ji muryata, cike da isa, irin ta mai yaba wa na ƙasa da shi: kowane kofi da ɗakinsa. Na yaba wa abin. Na dubi juwan ɗina na Amurka, wanda na yi wata biyu ina bin sawunsa a waya tun daga bakin teku, na ce ya yi tsari, na ɗauki kofi daga cikinsa, na koma na ci gaba da ɗaure gurbinsa. In na juya ɗaya gefen sai in ji "Alhaji, amma..." da hannuna da na ɗaga ko waiwaye babu. In na juya rigingine sai in ga jikokina a jere, sun zo canza juwan, sun buɗe inji sun tarar wayam. Wajen ƙarfe uku na dare uwargida ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Kayan ofis ɗin ne ke hana ka barci?" Ashe wanta ya biyo ta gidan tun magariba.

Yaron shayi ba shi da laifi, na faɗa a gaban kowa. Ya dawo ya tarar an jera noti a farantinsa, ya duba ya ga wani kwali mai ramuka shida, kofunansa shida. Ko ni ne abin da zan yi ke nan. A cikinmu duka shi kaɗai ya yi amfani da juwan ɗin jiya.

Baba Direba kuwa bai yi dariya ba. Shi abin bai kai masa can ba, ya ce a ba shi ya gani. Aka kwashe kofuna aka miƙa masa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗaga ya leƙo ni da ido ɗaya ta ɗaya daga cikin ramukan.

"Ɗana, wannan ne ya ƙone maka a hanyar Malgoru?"

"Irinsa ne, Baba."

"Kuma kullum shi ke ƙonewa?"

"Shi ne, Baba."

"To ai Allah ne ya taimake ka. Ka bar shi a waje. Yana nan wajen shayi, ta ina zai ƙone?"

Na ce ba ya yiwuwa, Baba, in babu shi ruwa da mai da wuta haɗuwa za su yi. Ya ce to da yana nan ba su haɗu ba? Na rasa amsa. Ya ce in kuma na nace, a sassauta gefe guda a zura shi kamar wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce gujo goma sha huɗu sun tare hanya. Ya ce a kawo almakashi a yanka shi gida shida, kowane fistan a tura masa rabonsa, ai gado ma haka ake yi. Da ya ga na yi shiru sai ya sassauta murya, irin ta mai jajantawa, ya ce in duk wannan bai yi mini ba, akwai mai ƙwai a bakin tasha.

La'asar ta yi sanyi, jama'a ba wanda ya tafi. Ba yadda zan yi, na ɗauki sifana na koma kan inji. Kwance kulas kuwa akasin ɗaure shi ne, littafi ya faɗa, Baturen bidiyo ma ya faɗa: daga na ƙarshe ake farawa, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan ana shigowa ciki, don kada alminiyam ya lanƙwashe. Na sa sifana a kan noti na goma sha huɗu, can bakin kulas, na sunkuyar da kai ina fatan idon tsoho bai kai nan ba.

Na ji tabarma ta yi motsi.

"Ɗana, daga ina ka fara?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Yara, daga ina ya fara?"

Gareji duka, har da wan matata, har da mai rake: "Daga gefe, Baba!"

Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya koma ya kishingiɗa.

"Tun azahar nake faɗa."